Kalmomin da Aka Karanta a Kan Iya

Ina 'yar shekara tara muka shigo Maiduguri a bayan motar itace, mu biyar: ni, da ƙanwata Zara, da Baba, da Iya, da Kaka, wato mahaifiyar Iya. Mako guda kafin nan mu shida ne. Yayana Annur, mai shekara goma sha huɗu, ya fita kiwo da safe a ƙauyenmu na wajen Marte, yaran daji suka kora shanun suka haɗa da shi. Baba ya yi kwana shida yana bin sawu, a na bakwai aka ce kowa ya tashi. Ba mu ga gawa ba, ba mu ji labari ba. Mu Larabawan Shuwa ne, makiyaya tun kakanni, sai ga mu a ɗaki biyu a Old Maiduguri, cikin gidan haya mai bishiyar dogon yaro ɗaya a tsakar gida, ba mu da ko akuya.

Baba ya shiga dillanci a kasuwar shanu, yana sayar da dabbobin wasu. Iya kuwa da farko ba wanda ya ga wani abu a tare da ita. Tana shara, tana tuƙa tuwo, tana gaida maƙwabta. Sai da damina ta faɗi abin ya fito. Da rana ta yi ja, lokacin da shanu ke dawowa gida a ƙauye, duk abin da ke hannunta sai ta ajiye, ta tafi bakin ƙofa ta tsaya tana kiran shanunmu da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda. In ta gama da shanu sai ta kira Annur. Daga baya ta daina tsayawa a ƙofa, ta fara fita. Wata rana aka tsinto ta gab da shingen sojoji, ba takalmi, soja ya ɗana bindiga yana mata magana da Turanci, ita kuma tana ta tafiya tana kira. Wani mai keke da ya san Baba ne ya durƙusa ya roƙa mata rai.

Tun daga ranar Baba ya fara kulle ta a ɗaki in la'asar ta yi. Mutanen gidan suka ce iska ce, ta biyo ta daga daji. Baba bai musa ba. Ina jin ya fi masa sauƙi ya yarda cewa wani abu ne ya shige ta, domin abin da ya shiga ana iya fitar da shi.

Aka fara kawo masu magani. Dukansu tsakanin magariba da lisha suke zuwa, suna cewa lokacin ne abin ke tashi, kuma dole su bar unguwa kafin dokar hana fita ta kama su. A daidai wannan lokacin ne Kaka take tattara mu. Ta kai mu can bayan madafa, kusurwar da ta fi nisa da ɗakin Iya, ta hura murhu, ta ɗora shayi a kan garwashi, ta ce mu matso. Mu huɗu ne kullum, ni da Zara da 'ya'ya biyu na Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu, wata malamar firamare Kirista 'yar wajen Biu. Saboda su ne Kaka take ba mu labari da Hausa maimakon Larabci, Hausarta mai nauyi, wadda take mayar da ƙ ta koma g. Takan fara da cewa, "Ku ba ni kunnuwanku aro. Abin da zan faɗa ban gani da idona ba, ji na yi a bakin wadda ta fi ni tsufa."

Kaka mace ce mai sanyin murya. A ƙauye sai ka sunkuya kafin ka ji abin da take cewa. Amma a bayan madafar nan da ƙarfi take magana, tana kwaikwayon kukan kura, tana tafa hannu, tana sa mu amsa waƙa, in mun amsa a hankali ta ce ba ta ji ba, mu sake. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa mata kunne. Sai wata rana waƙa ta yanke ba shiri, na ji muryar Iya ta ratso tsakar gida tana cewa a bar ta, a bar ta, ba kowa a jikinta. Na dubi Kaka. Ta ɗaga wata waƙar tun ba mu huta ba.

A maraicen nan na tambaye ta mene ne ruƙiya, domin kalmar da nake ji ke nan a bakin kowa. Ta ce mu Larabawa rugya muke cewa, kuma mahaifinta, wanda ya yi karatu, ya gaya mata cewa 'yar'uwar kalmar hawa ce, irin hawan tsani. Mai karatu yana ɗora addu'a a kan addu'a har ta kai inda ake amsawa. Na ce to me ya sa Iya take kuka, in addu'a ce kawai ke hawa. Kaka ta juya garwashi ta ce shayi ya kusa nuna.

Bayan mai ruƙiya na farko aka kawo wani tsohon Goni, wato malamin Alƙur'ani, Babarbare, mai sanyin hali, wanda ya rubuta allo ya wanke aka ba Iya ta sha. Wannan Kaka ta yarda da shi, har ta aika masa da shayi. Ta ce mana mu lura da wani abu: Hausawa suna kiran maganin rubutu, mu kuwa mihaya muke ce masa, daga kalmar shafewa. Su sun sa masa suna daga farkonsa, lokacin da alƙalami ke kan allo, mu mun sa masa daga ƙarshensa, lokacin da ruwa ya ɗauke tawada. Ta ce fatan mai sha shi ne yadda allo ya koma fari, haka abin da ke damunsa zai goge. Iya ta sha rubutu kwana arba'in. Ta ɗan samu barci. Amma rana ba ta taɓa yin ja ba tare da ta miƙe ta nufi ƙofa ba.

Malama Rifkatu takan zo ta zauna a bakin murhun, wai ta zo ɗaukar 'ya'yanta, sai ta daɗe. Ita ce ta gaya mana cewa a cocinsu tsawatawa suke cewa, ana tsawata wa mugun ruhu ya fita. Kaka ta juya kalmar a bakinta, ta ce wannan ai daga tsawa take, irin ta hadari. Malama ta ce haka ne. Ta kuma ce a hankali, ba ta dubi kowa ba, cewa ƙanenta ma tun da aka ƙone ƙauyensu bai sake kwana cikin ɗaki ba, an yi masa tsawar har muryoyi sun dushe, yana nan yadda yake. Kaka ta zuba mata shayi a kofinta na kanta.

Akwai kuma wata mai sayar da turaren wuta a Kasuwar Kwastam da ta ja Baba gefe ta ce a yi wa Iya girka. Baba ya dawo yana istigfari. Da na tambayi Kaka, ta ce wannan ta Hausawan da ce, kuma daga girki take, kamar yadda ake girka tukunya a kan murhu. Su ba korar iskar suke ba, zaunar da ita suke, su dafa ta da mai ita har su saba, su rayu tare. Ta ce mu Musulmi ba ma yi, kada in sake ɗauko zancen. Amma na ga ta yi shiru a kan kalmar fiye da yadda ta yi a kan sauran.

Wata biyar ana wannan. Iya ta rame har awarwaronta yana zamewa ya faɗi. Baba ya daina cin abinci a gida. In ya dawo daga kasuwa sai ya zauna gindin dogon yaro ya dafe kai, duk wanda ya zo da sunan wani mai magani sai ya miƙe ya bi shi. A haka aka haɗa shi da wani matashi daga Umarari, wanda aka ce aljanu suna gudu tun daga jin takunsa. Ya zo da mataimaka biyu, da jarkar ruwa, da guntun tiyo na ban ruwa. Ya gaya wa Baba cewa duk abin da zai ji kada ya tausaya, domin ba matarsa ce ke jin dukan ba.

Ran nan Kaka ba ta ɗora shayi ba. Ta hura wutar kawai, ta zaunar da Zara a cinyarta, ta ce yau ba waƙa. Ba ta ma ɗaga murya ba, don ta san ba muryar da za ta rufe abin da ke fitowa daga ɗakin. Ta ce za ta ba mu labarin inda aka samo wata kalma da ba mu taɓa ji ba.

Wai a zamanin da tafki yake cike har bakinsa, akwai wata makiyayiya mai 'ya ɗaya. Yarinyar ta je ɗibar ruwa da tsakar rana a wata rijiya kusa da kututturen tsamiya, ta dawo ba tulu, ba magana. In dare ya yi sai ta yi ta kuka da muryar da ba tata ba, muryar babbar mace. Uwar ta ɗauke ta a kan takarkari ta shiga duniya. Ta fara zuwa wurin mai bulala. Ya daki hannu, iskar ta koma ƙafa, ya daki ƙafa, ta koma wuya. Da gari ya waye jikin yarinya duk ya fashe, iskar kuwa tana nan, domin iska ba ta da gadon bayan da bulala za ta sauka. Uwar ta wuce gaba. Ta je inda aka yi hayaƙi, ta je inda aka yi tsawa, ta sayar da shanunta ɗaya ɗaya a hanya har ya rage saura takarkarin. A wani gari aka ce ta bar yarinyar a zaunar mata da iskar su zauna tare har mutuwa. Ta kwana tana tunani, da asuba ta ɗauki 'yarta ta gudu, ta ce ita 'yarta take so, ba rabin 'yarta ba.

A ƙarshe ta iso bakin tafki, wurin wata tsohuwa makauniya mai saƙar tabarma. Tsohuwar ta saurari kukan dare ɗaya, da safe ta tambayi uwar ko a duk yawon nan akwai wanda ya tambayi mai kukan abin da take wa kuka. Uwar ta ce babu, kowa cewa yake fita. Tsohuwar ta ce to ki shimfiɗa tabarma, ki ajiye ƙwaryar madara, ki ce na yi miki azima.

Kaka ta tsaya nan ta dube mu. Ta ce a Larabcinmu in ka kira mutum cin abinci, azuma ka yi masa. Malaman da kuma, karatun da suke yi wa mai iska azima suke kiransa. Ta ce uwa ɗaya ta haifi kalmomin biyu. Gayyata ce mai nauyi, wadda ba a ƙin amsawa. Kuma a al'adar makiyaya, baƙon da ya sha madararka ya kwana uku, dole ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi.

A kwana na uku iskar ta yi magana. Ta ce ita ma uwa ce. A tsamiyar nan take zaune da ɗanta, makiyaya suka sare ta don su yi turke, ɗan ya ɓace a ranar, ba ta san inda ya faɗa ba. Ta yi shekara tana kuka a bakin rijiya ba mai ji, shi ne ta ari bakin da mutane za su ji. Makiyayiyar ta ce ban san inda ɗanki yake ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma gaya mini kamanninsa. Iskar ta fara faɗa. Suka kwana suna kuka su biyu.

A daidai nan Iya ta yi wata ƙara a ɗaki, sannan ta yi shiru, shirun da ya fi ƙarar ban tsoro. Na kama zanen Kaka na ce, "Kaka, yarinyar ta warke?"

Ta ce, "Yau ban sani ba, Fanne. Riƙe ƙanwarki."

Ta sauke Zara ta miƙe. A al'adarmu suruka ba ta haɗa ido da mijin 'yarta, ba ta kiran sunansa, ba ta shiga maganar gidansa. Tun da aka yi auren Iya, Kaka ba ta taɓa tsayawa gaban Baba ba. Ran nan ta ratsa tsakar gida, mutanen gidan duk suna tsaye cirko-cirko, ta samu Baba a bakin ƙofa ya toshe kunnuwansa da tafin hannu. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Abu Annur, buɗe mini ƙofar nan."

Watanni ke nan ba wanda ya kira shi da sunan ɗansa. Baba ya ɗago ya dube ta. Ya buɗe. Na biyo ta a baya duk da ta hana ni, na leƙa. Mataimakan sun danne Iya a kan tabarma, rigarta ta jiƙe, bayanta duk shaida. Matashin ya ce wa Kaka ta fita, aljanin ya kusa faɗin sunansa. Kaka ta ce ita ta san sunan, ita ta raɗa mata shi, Halime. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Iya a cinyarta, ta ce duk wanda zai ƙara duka sai dai ya fara da ita. Mutumin ya juya wurin Baba yana cewa in aka tsaya a rabi abin zai dawo da ƙarfi, alhakin yana wuyansa. Baba ya jingina da bango, ya zame har ƙasa, ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Suka kwashe jarkarsu suka tafi.

Washegari da rana ta yi ja, Kaka ta hana a kulle ɗaki. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar gida, ta kama hannun Iya suka zauna. Da Iya ta fara kiran shanu, Kaka ta taya ta, in ta manta wata ta tuna mata. Da suka zo kan Annur, Kaka ta kira shi ita ma, da ƙarfi, har masu wucewa suna waiwaye. Sannan ta tambaye ta wace riga ya sa ran da ya fita. Iya ta dube ta kamar wadda aka tasa daga barci. Ta ce shuɗiya, mai yagaggen aljihu, ta ce masa ya cire ta ɗinke ya ce sai ya dawo. Ta ce ba ta ba shi guzuri ba ran nan domin ta yi fushi da shi a kan ɗan maraƙin da ya bari ya tsotse nono. Wannan maganar ita ce a cikinta wata tara, ba wanda ya tambaya.

Ba zan ce Iya ta warke ba. Ba ta warke ba. Amma ta daina fita, ta koma cin abinci, ta koma yi mana kitso. Kiran maraice kuwa bai tsaya ba, sai dai ya zama a zaune, kuma ba ita kaɗai ba. Kaka ta ci gaba da ba mu labari bayan sun taso daga ƙofa, muryarta ta koma yadda take a ƙauye. Na sha roƙonta labarin makiyayiyar. Wata rana ta ce iskar ta tafi da asuba, yarinyar ta nemi ruwa da muryarta. Wata rana ta ce iskar ba ta tafi ba, ta dai daina kuka da dare. Ban taɓa jin ta ƙare shi iri ɗaya sau biyu a jere ba. Shekara huɗu bayan haka Kaka ta rasu, da zazzaɓin kwana uku, ni na gaji wurinta a tabarmar bakin ƙofa.

Yanzu ina aikin tafinta a wani asibitin masu damuwar ƙwaƙwalwa. Likita ya yi tambaya da Turanci, ni in mayar da ita Larabci ko Hausa ko ɗan Barbarcin da na iya, in kuma dawo masa da amsa. A makaranta na tambayi malamin Larabci kalmomin Kaka. Ya ce ruƙiya da hawa haruffansu ɗaya ne, ko da yake malamai ba su haɗu a kan cewa ɗaya ta fito daga ɗaya ba. Azima kuwa ya ce asalinta ƙudurta abu da rantsar da wani, gayyata ta biyo baya. Ya ƙara mini da wadda Kaka ba ta faɗa ba, cewa aljani da majanuni da Aljanna da ɗan da ke cikin ciki duk tushensu guda a Larabci, abin da aka lulluɓe ba a gani. Na daɗe ina tunanin wannan. Kusan kowace rana ana kawo mana wani da shaidar igiya a wuyan hannu, danginsa suna biye da shi a gajiye, sun ƙarar da abin da suke da shi. Ban taɓa iya jin haushinsu ba, domin na ga Baba a gindin bango. Ni ma ina karanta addu'a a kan Iya kowace safiya, ina kuma ba ta ƙwayar da likita ya rubuta. Abin da na gane shi ne kowace kalma da muke kiran wannan aiki da ita tana tona abin da muka ɗauki mai ciwon. Wani ya ɗauke shi ɗakin da ɓarawo ya shiga, wani allon da za a wanke. Kaka ta ɗauke shi mutumin da ke da magana a ciki.

Sai dai sanin wannan bai shirya ni wa abin da ya zo bara ba. Aka kira Baba a waya aka ce akwai wani cikin waɗanda suka fito daga daji suka miƙa wuya, an gama tsare shi da bincikensa, ya ba da sunan Baba da sunan ƙauyenmu. Muka je muka ɗauko shi. Dogo ne, ya fi Baba tsawo, yana ɗingishi, ba ya duban fuskar kowa. Annur ne. Na gane shi tun daga yadda yake riƙe gwiwar hannunsa.

Da muka shigo gida Iya tana tankaɗe. Baba ya ce, "Halime, ga Annur." Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa, ta yi masa sannu da zuwa yadda ake yi wa baƙo, ta ce a kawo masa ruwa. Baba ya sake faɗa. Ta yi ɗan murmushi ta ce Annur ai yaro ne. Da rana ta yi ja ta ɗauki tabarma ta tafi bakin ƙofa ta kira shi, shi kuwa yana zaune taku biyar a bayanta, ya sunkuyar da kai.

Wata uku muka yi a haka, kuma ban taɓa shiga ƙunci irin nasu ba. Annur ba ya magana. Ya zauna ya fuskanci bango tun safe, in an ajiye abinci ya ci, in ba a ajiye ba ba ya tambaya. Wasu maƙwabta suka daina aiko yaransu gidanmu. Wasu suka ce a kai shi a cire masa abin da aka zuba masa a daji kafin ya yanka wani. Baba, da furfurarsa, ya fara tambayar mutane sunayen masu magani kamar da, har ya ce ko a haɗa shi da Iya su biyun a karanta musu. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa na ce ya ba ni lokaci. Na kai Annur wurin likitanmu, ni na yi tafinta, amma ba abin da zan fassara, domin bai buɗe baki ba. Na gwada zama kusa da shi ina tambayarsa. Ya dube ni kamar daga nesa ya juya. Nakan wuni ina ɗaukar maganar mutane daga harshe zuwa harshe, in dawo gida in rasa kalma ɗaya da zan haɗa uwa da ɗanta. Akwai ranar da na shiga banɗakin asibiti na cusa gyalena a baki don kada a ji ni.

Ba ni ce na buɗe bakinsa ba. Wata rana Iya ta taso daga ƙofa, ta tsaya kansa ta ce ta ji an ce daga daji ya fito. Ta tambaye shi ko ya ga wani yaro a can, mai shuɗiyar riga, yana kora shanu. Ni ina wanke-wanke, na tsaya da kwano a hannu.

Annur ya ce, "Na gan shi, Iya."

Ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ta ce yana cin abinci? Ya ce wata rana yana ci, wata rana babu. Ta ce ana dukansa? Ya ce da farko. Ta ce yana sallah? Ya ce yana yi.

Tun daga ranar, kullum in ta gama kira sai ta zo wurin baƙo ta karɓi labarin ɗanta. Shi kuma yana ba ta, kaɗan kaɗan, yana cewa yaron ya yi kaza, an kai yaron wuri kaza. Abin da bai gaya wa masu bincike ba, bai gaya wa likita ba, bai gaya mini ba, yana gaya mata a matsayin labarin wani. Na ji yadda aka yanka shanunmu a gabansa. Na ji yadda ya karye a ƙafa. Akwai abubuwan da na ji waɗanda ba zan rubuta ba.

Makon jiya ya tsaya a tsakiyar magana, ya ce mata akwai dalilin da ya sa yaron bai dawo ba. Ya ce an ba shi bindiga, an sa shi ya yi wani abu a wani ƙauye, kuma ya yi. Ya ce yaron yana ganin in uwarsa ta ji, ba za ta so ganinsa ba. Baba yana gindin dogon yaro, na ga ya runtse ido. Iya tana murza bakin zanenta.

Ta ce, "In ka koma, ka ce masa wannan tsakaninsa da Allah ne da mutanen da ya zalunta, sai ya nemi gafararsu har ya mutu. Amma ka ce ya dawo gida. Ka ce ban ba shi guzuri ba ran nan, ina sane."

Annur ya ce zai gaya masa. Ya tashi yana ɗingishi ya zaga bayan ɗaki, muka ji shi yana kuka, karo na farko tun zuwansa. Ba wanda ya bi shi. Iya ta dube ni ta ce baƙon nan yana da tausayi, in ƙara masa miya.

Jiya ta tambaye shi ko ya isar da saƙon. Ya ce ya isar. Ta ce to me yaron ya ce. Ya ce, "Ya ji, Iya. Yana hanya, ƙafarsa ce ba ta sauri."